Wani yana kirana cikin dare idan maigidana ba ya gari

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gusau, 'ya'yana uku, ina sana'ar kayan gara a gida, alkaki da dubulan da cincin. Maigidana yana aiki a wata ƙaramar hukuma, Litinin yake tafiya sai Juma'a ya dawo. Yau kusan wata biyu ke nan wani mutum yana kirana cikin dare, wajen ƙarfe ɗaya ko biyu. Da farko ba ya magana, numfashi kawai nake ji. Daga baya ya fara maganganun batsa da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Na zage shi, na haɗa shi da Allah, na toshe lambar, ya dawo da wata. Lamba huɗu ke nan ya canza, wani lokacin ma lambar ba ta fitowa. Makon jiya ya ce ya san ranakun da maigidana ba ya gida, har ya faɗi sunan Islamiyyar yarana, ya ce in na ci gaba da kashe masa waya zai kira maigidana ya ce muna tare. Ban gaya wa kowa ba. Maigidana yana da zafin kishi, ina tsoron ya ce ni na ba da fuska. Zuciyata tana zargin wani yaron maƙwabtanmu da ya taɓa zuwa karɓar saƙon wata kwastoma. Barci ya gagare ni, ko ƙarar waya na ji sai gabana ya faɗi. Na so in canza layi, to da shi kwastomomina suka san ni, shi ne kuma a asusun bankina. Don Allah ki ba ni shawara.

Baiwar Allah, daga Gusau

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu. Wata biyu mace tana kwana da ido biyu, ga yara uku, ga kasko da safe, kuma ba wanda ta faɗa wa, ba ƙaramin kaya ba ne. Allah ya kawo ƙarshensa. Ki fara cire wa ranki cewa kina da laifi a ciki. Lambar mai sana'a kamar ƙofar shago take, a buɗe aka bar ta don ciniki, wanda ya shigo da shashanci shi ne ya yi ɓarna. Za a samu mai cewa in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Wannan karin maganar ba ta hau kanki ba, domin wasiƙarki ta nuna tun kiran farko kike korar mutumin nan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kiran ya sauya. Numfashi da batsa aikin marar kunya ne da yake jin daɗin razana mace. Amma ranar da ya ambaci makarantar yara, ya kuma yi barazanar ɓata miki aure, ya tsallaka daga rashin kunya zuwa laifin da hukuma take kamawa a kai. Ba ina nufin ki firgita ba. Sanin cewa maigida ba ya gari daga Litinin zuwa Juma'a, da sanin Islamiyyar yara, labari ne mai arha a unguwa: mai kai yara makaranta ya sani, almajirin gida ya sani, mai shagon bakin layi ya sani, duk wanda yake kallon hotunan da kike sakawa a WhatsApp yana iya sani. Abin da hakan yake nunawa kawai shi ne ko dai ya san gidan, ko ya san wanda ya san gidan. Wannan ya isa a ɗauki lamarin da gaske.

Yanzu ki dubi makamin da yake riƙe da shi. Ba shi da hoto, ba shi da hujja. Abu ɗaya gare shi, ya gane ba ki gaya wa maigidanki ba, kuma kina tsoron ya ji. Duk daren da kika ƙara kina ɓoyewa, kina ƙara wa makamin nan kaifi ne. Ki kwatanta a ranki: wani baƙo ya kira maigidanki ya yi masa ƙarya, ya karɓi wayarki ya ga kira ashirin na tsakar dare da ba ki taɓa ambata ba. Ko mutum ba mai kishi ba ne sai zuciyarsa ta yi masa saƙa. Amma in daga bakinki ya fara ji, ranar da mutumin ya kira shi zai tarar an riga shi. Don haka shawarata ta farko, wadda duk sauran suke rataye a kanta, ki gaya masa a wannan zuwan.

Kada ki faɗa masa ta waya yana wurin aiki, zai kwana yana tafasa, ko ya kamo hanya da dare, ke ma kin san halin da hanyoyinmu suke ciki. Ki bari ya dawo Juma'a, ya ci abinci, ya huta, yara su kwanta. Ki ajiye wayar a gabansa a buɗe, ki ce masa wani abu kamar haka: “Baban yara, akwai wanda yake cutar da ni, ina neman ka tsaya mini. Na yi kuskure da ban faɗa maka da wuri ba, tsoro ne ya hana ni.” Kin ga kin kira shi ne a matsayin mai kare ki, ba ki tsaya a gabansa kamar wadda ake tuhuma ba. Ki sa ran zai ji zafin wata biyun da aka ɓoye masa, kuma yana da gaskiya a nan. Ki bar shi ya faɗi abin da ke ransa ba tare da kin mayar ba. In kin san fushinsa yakan kai ga duka ko furta saki, to kada ki yi maganar ke kaɗai. Ki fara sanar da mahaifinki ko yayanki, ko wata yayarsa da yake jin nauyinta, a zauna tare. Shi kuma maigidan, in wannan amsa ta kai gare shi, ina tuna masa aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da a bincika idan fasiƙi ya zo da labari. Mutumin da yake ɓoye lamba ya kira matar aure ƙarfe biyun dare ba shi da wata shaida da za a saurara. Abu biyu nake roƙon ya guje wa: kiran lambar don ya yi zagi, da tunkarar gidan wani a kan zato.

Ke ma daga yau ki daina ba mutumin nan amsa. Zagin da kike yi, da haɗa shi da Allah, da rawar da muryarki take yi, su ne ladan da yake kira ya karɓa. In kin ɗaga baƙuwar lamba kika ji shi ne, kada ki ce uffan, kada ki tambaye shi wane ne, kada ki yi masa Allah ya isa. Ki kashe a hankali, ko ki ajiye wayar a kan tabarma ki bar shi ya ƙona katinsa. Sau da yawa in aka fara yi wa irinsu shiru sukan ƙara ƙaimi na 'yan kwanaki, kira ya ninka, magana ta ƙara muni, don su gwada ko za ki karye. In kika amsa a kira na goma, kin koya masa cewa kira goma ne farashin muryarki.

Kafin ki toshe komai, ki tara hujja. Ki sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta ki ware shi don wannan. Kowane kira ki rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da lambar, da minti nawa ya ɗauka, da ainihin kalmomin da ya faɗa ko da kunya za ta kama ki. Ki rubuta har abin da kika ji a bayansa, ƙarar janareta ce, ko babura, ko hirar majalisa, ko kukan yaro. Ki koma baya ki ɗauki hoton fuskar wayar inda tsofaffin kiran suke, domin jerin kira yakan cika ya ture na baya. Saƙon tes ko na murya kada ki goge ko ɗaya. Game da naɗar murya, yawancin Tecno da Infinix da itel suna da maɓallin naɗa a fuskar kira, wasu kuma in kin danna sai wayar ta sanar da wanda ke ɗaya ɓangaren cewa ana naɗa, ya kashe. Ki gwada da lambar ƙanwarki tukuna. In taki mai sanarwa ce, ki sa kiran a lasifika ki naɗa da wata wayar. Naɗi biyu ko uku masu kyau sun isa, musamman wanda barazanar take ciki, ba sai kin zauna kina sauraron ƙazanta kowane dare ba. Ki tura kwafi ga mutum ɗaya amintacce saboda ɓacewar waya, amma kada ya shiga zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa. Muryar da ta fita ba ta dawowa, kuma sunanki ne zai yi yawo da ita. Wayar kanta kada ki sayar ko ki yi mata wankin ƙwaƙwalwa, wato goge duk abin da ke cikinta, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da irin wannan hujja a kotu, amma za a nemi bayanin na'urar da ta fito daga ciki.

Sannan ki gyara wayar. Ɓoye lamba ba wani tsafi ba ne, #31# ake sakawa a gaban lambar da za a kira, kuma a fuskar wayarki kawai take ɓuya, kamfanin layi yana ganinta sarai. A saitin kira na Android, wajen toshe lambobi, akwai zaɓin hana duk kiran da ba ya nuna lamba, ki kunna shi. Akwai kuma saitin Do Not Disturb, ki sa shi daga ƙarfe goman dare zuwa asuba, ki ware lambobin maigida da iyaye da 'yan'uwa ki sa musu tauraro, su kaɗai za su yi ƙara. Ba kwastomar kirki da za ta nemi alkaki ƙarfe ɗayan dare. Amfanin wannan a kan kashe wayar gaba ɗaya shi ne kiran zai ci gaba da rubuta kansa a jeri, hujja tana taruwa ke kina barci, kuma maigida zai same ki in da larura. In wayar ƙarama ce mai maɓalli, ki cire layin sana'a da dare ki bar wani layi daban na iyali. A WhatsApp ki shiga saitin sirri, ki mayar da hotonki da sitatus ga waɗanda kika adana kawai, ki kunna kashe ƙarar kiran baƙi, ki daina saka yara da kayan makaranta ko ƙofar gida. Yaran kuma a hana su ɗaga waya, ko babbar cikinsu. Yaro ɗan shekara shida in aka tambaye shi “Babanka yana nan?” gaskiya zai faɗa.

Sai batun yaron maƙwabta. Ban ce ba shi ba ne, amma abin da kika kawo, cewa ya taɓa zuwa karɓar saƙo, bai kai hujja ba. Mutum nawa ne suka zo ƙofarki karɓar saƙo a shekarar nan? In kika furta sunansa a gaban maigida mai zafin zuciya, ƙila kafin wayewar gari an yi abin da ba zai gyaru ba, in kuma ya tabbata ba shi ba ne, kin ɓata ɗan mutane, kin rasa maƙwabta, mai kiran na ainihi yana gefe yana dariya. Ki rubuta zarginki da dalilinsa a littafin nan, ki faɗa wa mai bincike, shi ya san yadda zai bi. Haka nan za a ba ki shawarar Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai lamba, ko a ce ki saka lambar ba tare da sifilin farko ba a OPay ko PalmPay kamar za ki tura kuɗi, sunan mai asusun ya fito. Ba laifi a gwada, amma ki san iyakarsu. Sunan Truecaller daga wayoyin mutane ake tattaro shi, yakan zo da kuskure. Sunan da ya fito a asusu kuwa yana iya zama na wanda aka sace wa waya, ko wanda aka ara layinsa, ko tsohon mai layin kafin kamfani ya sake sayar da shi. Abin da ya fito ki rubuta shi kawai, kada a je gidan kowa da shi.

Kamfanin layi ba zai ba ki sunan mai lambar ba ko da kin je ofishinsu da kuka, doka ce ta hana su ba wa ɗaiɗaikun mutane. Duk da haka ki kira 300, wadda yanzu ita ce lambar kula da masu hulɗa a duk layukan, ki kai ƙarar lambobin, ki karɓi lambar ƙorafi ki rubuta. In suka yi burus, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, tana karɓar ƙorafi kyauta a 622. Wasu za su ce ki tura STOP zuwa 2442. Wannan na tsayar da saƙonnin talla ne, ba ya hana mutum kiranki. Abin da ya kamata ya kwantar miki da hankali shi ne tun Disambar 2020 aka fara tilasta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni adana bayanan kira da na mai layi har shekara biyu, su miƙa wa jami'an tsaro in an nema ta hanyar da doka ta tsara. Canza layi huɗu bai ɓatar da sawunsa ba. In a waya ɗaya yake saka su, lambar jikin wayar, wadda ake kira IMEI, tana haɗa su duka wuri guda.

To hanyar samun waɗannan bayanai ita ce 'yan sanda. Ku je tare da maigida ko yayanki, kuma ku je da rubutaccen koke zuwa ga DPO na yankinku, ba bayanin baki kawai ba. A ciki a sa lambobin huɗu, da ranar da abin ya fara, da kalmomin barazanar kamar yadda ya faɗe su, musamman ambaton makarantar yara. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe, ku karɓi suna da lambar jami'in da aka ba binciken. In an yi mako biyu shiru, ku rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda a hedikwatar rundunar da ke Gusau, ku haɗa da kwafin na farko. Kada wani ya sallame ku da cewa ai waya ce kawai. Tsoratar da mutum laifi ne a dokar Penal Code, kuma sashe na 24 na dokar 2015 ɗin nan ya tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya aika barazanar da ta jefa wani cikin tsoron kisa ko rauni ko sacewa, da shekara 5 ga barazanar ɓata suna don a tilasta wa mutum. Wace doka ce ta fi dacewa da naki, wannan aikin mai gabatar da ƙara ne. In kuna son lauya kuma hali bai kai ba, ku tuntuɓi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke jihar. Hisbah da mai unguwa suna da amfani sosai bayan an san mutumin, in ya zama ɗan unguwa ne kuna son a ja masa kunne a gaban iyayensa ya rubuta alkawari, ba tare da maganar ta kai kotu ba. Wannan zaɓin naku ne ke da maigida, kuma ba aibi ba ne. Amma gano mai ɓoyayyar lamba ba ya hannunsu.

Akwai abin da ba zan tsallake ba tunda a Zamfara kike. In wata rana maganar ta juya, ya ce shi ɗan daji ne, a kawo kuɗi kaza ko a zo a ɗauki wani, to ba a jiran Juma'a. A ranar za a sanar da maigida, a kira 112, a je wurin 'yan sanda ko ofishin DSS. An sha kama masu irin wannan kira a jihohinmu ya zamana mutanen gari ne suke fakewa da sunan 'yan bindiga, amma ba ke za ki tantance na gaske da na ƙarya ba. Kada ki yi ciniki, kada ki tura ko katin ɗari biyar don a rabu lafiya, wanda ya biya sau ɗaya ya zama gona. In ya ba da lambar asusu, ki rubuta ta da kyau, domin ta fi lambar waya saurin kai mai bincike ga mutum.

Tun kafin nan, a wannan makon, ki je Islamiyyar da kanki ki ga shugaban makarantar. Ba sai kin zayyana masa komai ba, ki ce akwai dalilin tsaro, kada a ba wa kowa yaran sai ke ko mahaifinsu ko mutum ɗaya da za ki nuna. Ranakun da maigida ba ya nan, a samo wani babba ya riƙa kwana a gidan, ƙaninsa ko gwaggo ko ƙanwarki. Masu karɓar saƙo su tsaya a ƙofar gida, kuma a daina ba da kaya bayan magariba. Ki dubi sakatar ƙofa da fitilar waje.

Canza layi na bar shi ƙarshe da gangan. In mutumin yana kusa da ku, sabuwar lambar za ta kai gare shi cikin 'yan kwanaki, kin yi asarar kwastomomi a banza. Amma in an yi duk abin da na faɗa kuma hankalinki bai kwanta ba, ki canza, da sharaɗi. Ki fara zuwa banki ki sauya lambar da ke kan asusunki da BVN. Tsohon layin kada a jefar, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake sayar da shi, wanda ya saya kuma saƙon bankinki zai riƙa shigar masa. A saka shi a ƙaramar waya a hannun maigida, ana ɗan yin kira da shi lokaci-lokaci, kwastomomin da suka kira a ba su amsa, mai kiran dare kuma ya ji muryar namiji. Sabuwar lambar ki raba ta kashi-kashi: makon farko iyaye da 'yan'uwa na jini, mako na biyu ƙawaye da maƙwabta, na uku kwastomomi, kina rubuta wa kika ba da ranar da kika ba shi. In kiran ya dawo, littafinki zai nuna a wane kashi lambar ta zurare.

Faɗuwar gaban da kike ji in waya ta yi ƙara ba rauni ba ne, haka jiki yake yi in an daɗe ana razana shi. Ki canza sautin kiran, tsohon ya riga ya haɗu da tsoro a kunnenki. Ki daina kwana da wayar a ƙarƙashin filo, ki bar ta a falo tunda kin ware masu iya samunki. Ki riƙe azkar ɗin kwanciya barci. In bayan kiran ya tsaya an yi makonni barcin bai dawo ba, ko kina yawan kuka ba dalili, ki je asibiti ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mini. Littafin nan kuwa ki saye shi yau, ki zauna bayan la'asar ki cike shafukan wata biyun da suka wuce daga jerin kiran wayarki, domin ya zama yana hannunki ranar Juma'a. Ki sake rubuto mini bayan kun yi maganar.